Yadda ake busa hodar ƙazunzumi ta shiga har maɓoyarsa, da irin abin busawar da ya kamata ka nema

Yawancin gidajen da ƙazunzumi ya addaba a nan Gusau da kewaye, in ka bincika ba rashin sayen magani ke damunsu ba, sun saya har sun gaji. Za ka shiga ɗaki ka tarar an barbaɗa hoda fari fat a gindin bango, an zuba ƙarƙashin katifa da hannu, wani wurin har tudu ta yi, yara na rarrafe a kai, amma dare na yi cizo na nan yadda yake. Sai a ce ai maganin yanzu jabu ne. Eh akwai jabu a kasuwa, ban musa ba, amma sau da yawa laifin na zubawar ne. Hodar ƙwari ba barbaɗa ta ake yi ba, busa ta ake yi, 'yar kaɗan, ta shiga cikin tsaga da ramin da ƙwaron yake kwana, kuma hannu ko cokali ba za su iya wannan aikin ba sai da abin busawa. Shi ne nake so in yi bayani dalla-dalla, tun daga zaɓen abin busawar har ranar da za ka tabbatar ɗakin ya rabu da su.

Ka fara sanin wanda kake yaƙi da shi. Ƙazunzumi, wanda wasu ke kira kuɗin cizo, babbansa tsawonsa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, jikinsa a baje yake, duk tsagar da katin ATM zai shiga to shi ma zai shiga. Da rana yana maƙale a ɓoye, sai dare ya raba ya biyo ɗumin jiki da numfashin mai barci. Macen tana ajiye ƙwai 1 zuwa 5 a rana, a rayuwarta tana iya kaiwa ɗaruruwa, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, ɗan zai yi saɓa sau 5 kafin ya girma kuma kowace saɓa sai ya sha jini tukuna. Yana iya yin watanni bai ci komai ba yana nan da ransa, shi ya sa kulle ɗaki a yi tafiya ba ya kashe shi. Kuma dan Allah a daina jin kunyar maganarsa, ba ƙazanta ke kawo shi ba, jini yake bi. Akwatin ɗan makarantar kwana da ya dawo hutu, kushin ko gadon da aka sayo na hannu, kayan gwanjo, jakar baƙo, kujerar mota, duk hanyoyinsa ne. Birnin Faris na Faransa ma a 2023 sai da maganarsa ta cika kafafen labarai, balle mu.

Abin busawar

Iri uku zuwa huɗu ne za ka iya cin karo da su. Akwai mai ƙwallon roba, wato roba ce mai laushi zagayayya da ta cika tafin hannu, da siririn bututu a bakinta, kana matsawa hoda na fita. A wurina ita ce ta gida, don hannunka ne ke iko da ita, ka matsa a hankali ta fito kaɗan, ka ƙara ƙarfi ta yi nisa, kuma tana shiga lungun gado ba wahala. Akwai mai zuga-zugi, ita gwangwani ce ta roba da sifirin a ciki, sama da ƙasanta ƙarfe ko roba mai tauri, ana matse ta tsakanin babban yatsa da sauran yatsu. Masu sana'ar feshi sun fi son ta don tana jure aiki kuma fitar hodarta daidai take, sai dai ta fi tsada kuma ba kowane shago ke da ita ba. Sai manya na gona, masu famfo ko masu hannun juyawa da manoma ke busa hoda da su a shuka ko rumbu. Wannan ko kyauta aka ba ka kar ka shiga da ita ɗakin kwana, hodar da za ta fitar a bugu ɗaya ta ishi ɗaki guda, za ta turnuƙe ko'ina ku yi ta shaƙa. Akwai masu batir ma, amma kuɗinsu bai dace da mai ɗaki ɗaya ko biyu ba.

In za ka saya, ga abin da za ka duba da hannunka kafin ka biya. Matsa ta ba komai a ciki ka sa yatsa a bakin bututun, in iska na fita ta gefe ko ta murfi to tana yoyo, hoda za ta riƙa dawo maka a fuska, ajiye ta. Bututun ya zama siriri kuma da ɗan tsawo, in an samu mai lanƙwasa a baki ya fi, shi ke shiga bayan allon gado. Bakin zubawa ya zama da faɗi yadda ba sai ka sha wahala wurin ɗurawa ba. Sannan abu mai muhimmanci, in bututun na ƙarfe ne to lallai ya zo da hular roba a kansa ko ka nemi na roba, saboda za a zo wurin soket kuma ƙarfe na jan wutar lantarki. Ƙarama ta fi babba a wannan aikin, kar girma ya ruɗe ka.

To in ka zaga shagunan maganin gona da na ƙwari ba ka samu ba fa, wanda hakan na faruwa sosai musamman in ka bar manyan garuruwa irin Gusau da Birnin Kebbi ka nufi ƙauyuka? Ba a fasa aiki. Je kemis ka sayi 'yar robar nan ta zuƙe majinar jarirai, sabuwa, aikinta ɗaya da mai ƙwallon roba sai dai tana cin hoda kaɗan kana yawan ɗurawa. Ko robar da masu gyaran gashi ke zuba dayis da ita, mai tsinin baki, ko wadda teloli ke ɗiga wa keken ɗinki mai, in dai sabuwa ce ba a taɓa zuba mai a ciki ba. In bakin bai yi tsawo ba sai ka cire cikin biro ka wanke bututun ya bushe ka soka. Amma ina roƙonka kar ka yi da robar lemo ko ta ruwan sha ko da ka ga wasu na huda murfi suna yi, yaro bai san bambanci ba, robar da ya saba kaiwa baki ita zai kai. Duk wadda ka yi amfani da ita ka rubuta GUBA a jikinta da maka, kuma ta majinar nan ta bar hannun jariri ke nan har abada.

Ka haɗa da ƙaramin burushin fenti mai laushi, ko burushin kwalliya da uwargida ta daina amfani da shi. Akwai wuraren da busawa ba ta dace ba sai shafawa, za mu zo kansu.

Hodar kanta

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami don haka zan ɗan daɗe. Hodar da ake yi wa ƙazunzumi kashi biyu ce. Kashi na farko mai guba, wadda ke taɓa jijiyar ƙwaro, yawanci sinadarin fametirin ko deltametirin ne a ciki, irin su hodar Rambo da ake samu kusan kowane shago. Tana da araha, tana kashe kyankyaso da tururuwa sosai, amma gaskiyar magana ƙazunzumi a ƙasashe da yawa ya riga ya saba da wannan dangin maganin, tun zamanin da aka yi ta fesa wani maganin ƙwari mai suna DDT a shekarun 1940 da 1950 ya fara taurin kai, kuma hanyar da DDT ke bi ta kashe ƙwaro ita ce waɗannan ma ke bi. Shi ya sa wani gidan za ta yi aiki, wani gidan ka ga ƙwaron na tafiya a cikinta lafiyarsa lau. In ita ce kawai ka samu ka yi da ita, amma ka sa ido, in bayan sati biyu ba sauƙi to naka masu taurin kai ne, ƙara yawanta ba zai canza komai ba sai dai ya cutar da mutanen gida.

Kashi na biyu ita ce mai busar da ƙwaro. Ita ba guba ce ke kashewa ba, jikin ƙwaron akwai wani siririn maiƙo da ke riƙe masa ruwan jiki, hodar sai ta manne masa ta tsotse maiƙon, ruwan jikinsa ya ƙare ya bushe ya mutu. Iri biyu ne a nan, akwai hodar silika, wadda aka fi sani da sunan CimeXa, da kuma ƙasar dayatom, wata farar ƙasa ce da ake haƙowa wadda asalinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka taru shekaru aru-aru. Masu bincike a Jami'ar Kentucky ta Amurka sun gwada su biyun a gidajen da ƙazunzumi ya kama, silika ta yi aiki ƙwarai, dayatom kuwa ba ta taɓuka abin kirki ba ita kaɗai. Silika in ƙwaro ya bi ta kai yawanci kwana ɗaya zuwa biyu ya mutu, dayatom tana iya ɗaukar sati ko fiye. Don haka in kana da hali, ko kana da wanda zai sayo maka daga Kano ko Legas ko ka yi oda ta intanet, silika ita ce zaɓina. In dayatom ka samu, ka tabbata wadda aka yi don ƙwari ce, akwai wata da ake tace ruwan wurin ninƙaya da ita, an gasa ta da wuta, shaƙarta na lalata huhu, wannan ba ta shiga gida.

Kowace ka saya ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka karanta takardar jikinta ko ka ba wani ya karanta maka, in ta ce kar a sa a katifa to kar a sa. Hodar da ake aunawa a ƙulla a leda ba suna ba komai, bar musu kayansu.

Sannan akwai abubuwan da nake so in ja kunne a kansu da babbar murya saboda mu nan yankin manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin hatsi a ajiye. Ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake da masara da muke kira bom, wallahi kar wanda ya kuskura ya sa ta a ɗakin kwana. Iskar fosfin take fitarwa, tana ratsa tsagar bango da silin ta shiga ɗakin maƙwabci, ta sha kashe iyali guda a cikin barci a ƙasashe daban-daban kuma yara ne ke fara tafiya. Hodar adana hatsi ita ma ta rumbu ce, ba ta gado ba. Sniper da ota-fiya-fiya, sinadarin dikulobos ne a cikinsu, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ake rasawa. Fetur da kananzir kuwa ba sai na faɗa ba, gobara ce kawai kake gayyata. Hodar jarirai ba ta kashe shi, hodar borik ta kyankyaso ma ba ta yi masa wani abin kirki don shi ba ya lasar komai, jini kawai yake zuƙa.

Kafin ka busa ko ɗigo

Ka zaɓi safiya, ranar da kake da lokaci, don aikin yini ne. Yara da mai ciki da mai asma da tsofaffi su koma wani ɗaki ko tsakar gida, abinci da kwanuka da randar ruwa a fitar ko a rufe. In kuna da kyanwa a kore ta, fametirin na yi wa kyanwa mugun lahani.

Cire zanen gado da rigar filo da labule da gidan sauro da tufafin da ke kusa da gado, ka zuba su a babbar leda tun a cikin ɗakin ka ɗaure bakin kafin ka fito, in ka rungumo su haka nan to kana tafe kana shuka su a hanya. Ruwan zafi za a zuba musu, mai zafin da ya kai digiri 60 ko fiye, wato wanda hannu ba zai iya shiga ba, shi ke kashe har ƙwan. Wanda ba ya wankuwa a yi masa guga, a bi kan ɗinki sosai. Ranar nan tamu ta watan Maris zuwa Mayu da ke wuce digiri 40 tana taimakawa, kaya marasa kauri in ka sa a baƙar leda ka ɗaure ka baje ta a kan siminti tun hantsi har la'asar kana juyawa, za su gasu. Amma shanya katifa mai kauri a rana kaɗai ba ya gamawa da su, sama na yin zafi sai su koma ƙasa inda ke da sanyi su lafe.

Yanzu ɗauko tocila ka bi ɗakin. Abin da kake nema ɗige-ɗige baƙaƙe a tare wuri ɗaya, kashinsu ke nan, da ɓawon saɓa ruwan ƙasa-ƙasa, da ƙwai farare ƙanana da ke manne a jikin katako. Ɗaga bakin ɗinkin katifa da yatsa ka haska, leƙa inda katakon gado ya haɗu da ɗan'uwansa, ramin kusa da na noti, bayan allon gado musamman irin gadajen amare na yanzu masu soso da yadi da maɓallai a fuska, wannan allon gidansu ne na gaske. Juya kushin ka duba ƙasa inda aka buga yadi da ƙusa. Ɗaga bakin ledar ƙasa ko kafet. Dubi tsagar bango, in ginin ƙasa ne duk inda yaɓe ya fashe, in na siminti ne inda filasta ta rabu da firam ɗin ƙofa ko taga. Bayan hoto da kalanda da agogon bango, ƙusar da ake rataye gidan sauro, kusurwar durowa da wadirof, bakin tabarma. Duk inda ka ga alama ka yi masa ɗan zane da alli don kar ka manta. Wanda ka gani da ido ka murƙushe shi, ka kankare ƙwan da tsohon burushin haƙori, ka share ka ƙulle sharar a leda ka kai nesa ko ka ƙone.

In gadon na kwancewa ne a kwance shi. Na san aiki ne, wani sai an kira kafinta, amma da yawa daga cikin ƙwarin a mahaɗar katakon suke, in ba a buɗe ba hoda ba za ta kai gare su yadda ya kamata ba.

Ɗurawa da busawa

Sa takunkumi, in ka samu N95 shi ne daidai, da safar hannu, da tabarau ko da na rana ne don silika na busar da ido da fata. Kashe fanka da esi, ka tura taga don kar iska ta riƙa kwashe hodar, musamman lokacin hunturu. Abin busawar ya zama a bushe ƙayau, ɗigon ruwa ɗaya a ciki zai dunƙule hodar ya toshe bututu.

A waje za ka ɗura, ka naɗe takarda ta zama mazurari ka riƙa zubawa da cokalin da ba za a sake ci da shi ba. Kar ka cika, rabi ya isa, ko ƙasa da haka ma. Dalili shi ne iskar da ke sama a cikin robar ita ke gauraya da hoda ta fito da ita kamar hayaƙi, in ka cika ba wurin iska, sai ta riƙa tofo hodar guda-guda. Jefa 'yan tsakuwa masu santsi biyu ko uku a ciki, wankakku busassu, waɗanda suka fi ramin bututun girma, duk lokacin da ka girgiza su ke farfasa dunƙulen.

Kafin ka shiga ɗaki ka gwada hannunka a kan wani baƙin abu, baƙar leda ko bayan tire. Girgiza, ka bari hodar ta kwanta ƙasa, ka riƙe yadda gindin bututun ke sama da hodar ba nutse a cikinta ba, sannan ka matsa a hankali. Abin da ake so ya sauka shi ne kamar ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan gilashin mota cikin dare ɗaya, wadda sai ka ja yatsa a kai kake tabbatar da tana nan. In kana hango fari daga bakin ƙofa to ta yi yawa. Wannan ita ce gaɓar da duk aikin ya rataya a kai, ƙazunzumi in ya tarar da tudun hoda kewaye shi yake yi ya canza hanya, amma siririyar da bai ankara da ita ba ita yake takawa ta manne masa a ƙafa da ciki, har ya koma maɓoya ya shafa wa 'yan'uwansa. Ka yi ta gwadawa a kan ledar har hannunka ya faɗa.

To sai a shiga. Fara da gado tunda nan ne cibiya. Soka bakin bututun cikin mahaɗa ko rami, ba daga nesa ba, ciki, ka matsa sau ɗaya ko biyu, ka zare bututun tukuna kafin ka saki robar don kar ta zuƙo datti ta toshe. Matsa gaba kamar taƙi ɗaya ka sake. Girgiza bayan kowane 'yan bugu. In ka ga hoda ta bulbulo waje ta dawo maka to ramin ya ƙoshi ko ka cika ƙarfi, share wadda ta zubo da ɗan tsumma mai laima. Gadon ƙarfe kuwa bututun ƙafafunsa da na gefe rami ne a ciki, ka nemi inda yake buɗe ka busa. Allon gado a bi bayansa, da ƙarƙashin yadin in akwai inda ya ɓalle, da gindin maɓallan.

Katifa ita ce wurin burushi. Saman da ake kwanciya ba a sa masa komai, ko wace irin hoda ce, haka filo, haka zanen gado, haka gidan sauro. In silika ce kuma takardarta ta yarda, sai ka ɗan dangwala burushi ka kakkaɓe, ka bi cikin lanƙwasar ɗinkin gefe da na ƙasa kawai. In hoda mai guba ce ni ban yarda ta taɓa katifa ba sam, gara ka kankare ɗinkin ka bi shi da dutsen guga mai zafi da tsumma a tsakani, sannan a sa katifar cikin rigar leda mai kauri irin ta katifar asibiti, telan kushin zai ɗinka maka, a rufe ruf a liƙe bakin zif ɗin da salatif. Wanda ke ciki ba fita ba abinci, amma fa sai an bar ta a rufe shekara guda, in ta yage a liƙe nan take.

Kushin a juya shi a busa ta ƙasa, cikin katakon da mahaɗarsa, da can cikin lungun da hannun kujera ya haɗu da mazauni, ba kan inda ake zama ba. Durowa a zare ta a busa a kusurwoyi da hanyar da take bi, ba inda tufafi ke kwanciya ba. Ledar ƙasa a ɗaga bakinta a busa siririn layi a gindin bango a mayar a danne. Tsagar bango a soka bututu a busa, in mai zurfi ce sau biyu ko uku.

Soket da makunni, a nan a yi hattara. Je ka kashe wutar gidan daga babban makunni, in akwai sola ko janareta a raba su, kar ka ce ai an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita hannunka na ciki. Kwance murfin ka busa sau ɗaya da bututun roba a ramin bangon da ke kewaye, ba cikin ramin da ake soka fulogi ba, ka mayar da murfin. Ta wannan hanyar wayar suke ƙaura daga ɗaki zuwa ɗaki. Talabijin da rediyo da kwamfuta kuwa ba a busa musu.

Masu kwana a ƙasa kan tabarma ko katifa ba gado, ku aikinku na bango ne da gindinsa da ƙarƙashin leda. Kar a zagaye shimfiɗa da hoda a fili inda yaro zai mirgina ya sa hannu ya kai baki. Tabarmar roba a zuba mata tafasasshen ruwa, ta kaba in ta cika da su gara a ƙone ta.

In ka gama ka fito ka ja ƙofa kamar awa biyu ƙurar ta kwanta, sannan ka buɗe taga iska ta shiga, ka goge duk hodar da ke fili da tsumma mai laima, tsakiyar ɗaki da saman tebur da hannun kujera, abin da zai rage sai na cikin tsaga. Wanke hannu da fuska da sabulu, ka canza kaya a wanke su daban. In tsautsayi ya sa yaro ya ci, kar a sa shi amai, kar a tsaya ɗura masa manja ko madara, a ɗauki robar maganin a tafi asibiti da shi. In ido ta shiga a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kusan minti 15.

Bayan nan

Mayar da gado amma ka janye shi daga bango kamar taƙi guda, kar zanen gado ko gidan sauro ya taɓa ƙasa ko bango. Ƙafafun gadon in ka sa kowace a cikin 'yar roba mai santsin ciki, ka shafa wa cikinta hodar jarirai siririya don ya ƙara santsi, ka naɗa tsumma ko salatif ɗin takarda a bayanta yadda za su iya hawa, to duk wanda ya hau ya faɗa ba zai fita ba, da safe kana leƙawa ka san ko suna raguwa.

Kuma a ci gaba da kwana a ɗakin. Mutane da yawa suna ƙaura falo, to ƙwarin sai su bi su can, ko su lafe a rami ba su fito sun taka hodar ba. Numfashin mai barci ne ke fito da su. Babba lafiyayye ya kwana, jariri da mai asma su dakata a wani ɗakin da aka duba aka tabbatar ba komai.

Kar ka yi tsammanin daren farko shiru. Hoda ba ta gamawa da ƙwai, sai sun ƙyanƙyashe 'ya'yan sun fito sun taka, don haka cizo na iya ci gaba sati biyu zuwa uku yana raguwa. Bayan kwana 10 zuwa 14 ka sake bi da tocila, inda ka ga sabon kashi ko masu rai ka ƙara busawa, inda hoda ke nan a bushe ka ƙyale ta. Kar a fesa maganin ruwa a kanta kuma kar a kwaɓa ta da ruwa sai in takardarta ce ta ce a yi. Da damina, ko a garuruwan bakin ruwa irin Yauri da Argungu inda bango ke jan laima, ka fi yawan dubawa, hodar da ta jiƙe ta dunƙule ta tashi aiki, a goge a bari wurin ya bushe a sake. Sai an yi sati 6 zuwa 8 ba cizo, ba sabon ɗigo, ba komai a robar ƙafar gado, sannan za ka toshe tsagogin da siminti ko yaɓe ko filar fenti, hodar na ciki.

In gidan haya ne ko gidan yawa mai ɗakuna jere bango ɗaya, ka yi wa maƙwabta magana cikin mutunci a yi rana ɗaya, a haɗa kuɗi a sayi hodar, abin busawa ɗaya ya ishi kowa. In kai kaɗai ka yi, nasu za su biyo silin da hanyar waya su dawo maka. Haka makarantun kwana da tsangayu, lokacin hutu ne ya fi dacewa a kwance gadaje a yi, akwatunan yara kuma in sun dawo gida a buɗe su a tsakar gida a wanke kayan da ruwan zafi kafin su shiga ɗaki.

Sauran hodar da ta rage a cikin abin busawar ka juye ta a robarta ta asali ka rufe da kyau, ka matsa abin busawar a waje sau da yawa har iska zalla ke fita, in bututu ya toshe ka zura siririyar waya. Kar ka wanke shi da ruwa sai in za ka canza irin hoda, in ka wanke kuma ka bar shi a rana ya bushe sarai. Ka ƙulle shi a leda tare da burushin da cokalin, a ajiye can sama ko cikin akwati mai kwaɗo, nesa da kicin da buhunan hatsi.